Leɓantawa: Yadda Kewaye Leɓɓa Ke Sauya Sauti da Ma'ana a Hausa da Maƙwabtanta

Leɓantawa, a ilimin furuci, ita ce kewaye leɓɓa a daidai lokacin da ake furta wani baƙi wanda ainihin gurbinsa yake wani wuri dabam a cikin baki. A daidaitacciyar Hausa baƙaƙe uku ne ke ɗauke da ita, wato kw da gw da ƙw, kamar a kwando da gwani da ƙwai. Masana harsuna sun lura cewa a cikin ƙarin motsin da ake ɗora wa baƙi yayin furuci, babu wanda ya kai leɓantawa yaɗuwa a harsunan duniya, kuma ta fi aukuwa a kan baƙaƙe irin k da g.

Malaman Hausa na kiran irin wannan furuci da suna furuci mai goyo, domin babban furuci ne ke goye da ƙarami kamar yadda uwa ke goya ɗanta. Waɗannan sunaye sun samu gindin zama a makarantu ta hanyar littattafan karatu irin su Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na Farfesa Mu'azu Sani Zariya.

Yadda ake furta su

Wajen furta k, doron harshe ne ke tashi ya taɓa hanɗa, wato ɓangare mai taushi na rufin baki, ya tare iska, sannan ya sake ta. A kw ma haka abin yake, sai dai tun kafin harshe ya saki iskar leɓɓa sun riga sun zumɓuro sun yi kewaye. Shi ya sa ake kiran waɗannan baƙaƙe leɓa-hanɗa. Wanda ya tsaya gaban madubi ya ce ka, sannan ya ce kwa, zai ga bakinsa ya tattaru tun sautin bai fito ba. Bambancin ukun a maƙogwaro yake: kw ba shi da ziza, gw mai ziza ne, ƙw kuwa tunkuɗau ne, da iskar maƙogwaro ake fitar da shi.

Leɓantawa tana da abokiyar tafiya, ganɗantawa, inda gaban harshe ke ɗagawa zuwa ganɗa, kamar a kyau da gyaɗa da ƙyalle. Saboda haka kowane ɗaya daga k da g da ƙ yana da fuska uku: kara, kwara, kyara.

Haruffa biyu, baƙi ɗaya

Ko da yake da haruffa biyu ake rubuta kw, baƙi ɗaya ne. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa baƙin kalmomi ke samun wasali a tsakiya, kamar burodi da firamare. Da kw baƙaƙe biyu ne, da ba a iya cewa kwana ba sai an raba su. Marubuta waƙa ma gaɓa ɗaya suke ƙirga kwa a ma'auninsu, ita kuwa kuwa gaɓa biyu ce.

Wata hujjar tana cikin ninki. Idan aka ninka aikatau don nuna yawan aiki, kwashe ya koma kwakkwashe, gwada ya koma gwaggwada. Baƙin yana tafiya ne a dunƙule, da goyonsa. A inda ya ninku, rubutu kan maimaita harafin farko kawai, kamar a Sakkwato.

Wannan ɗan motsi na leɓɓa yana raba ma'ana. Kaɗa dabam, kwaɗa dabam. Haka gada da gwada, gani da gwani, ƙaro da ƙwaro. A baki, wasu daga cikin irin waɗannan tagwaye suna da ƙarin bambanci na karin sauti ko tsawon wasali, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu, don haka a takarda w kaɗai ne shamaki. Idan ya faɗi daga kanun labarin da ke cewa an kwashe mutum goma daga wani ƙauye, mai karatu zai ga an kashe su.

Harafin da ake furtawa ba a rubutawa

Kafin wasulan u da o, waɗanda da ma da kewayayyun leɓɓa ake furta su, k da g da ƙ suna leɓantuwa da kansu. Mai cewa kuɗi ko goro ko ƙofa ya riga ya kewaye leɓɓansa tun a kan baƙin farko. Tun da ba a samun wani furucin dabam a wannan muhalli, ƙa'idar rubutu ba ta sa w a nan. Amma da zarar wasalin ya sauya, sai ɓoyayyen ya bayyana: ango ya ba da angwaye da angwanci, dogo ya ba da dogwaye, kogo ya ba da kogwanni, rago ya ba da ragwanci.

A nan ne ɗalibai da dama ke tuntuɓe. Idan aka liƙa wa dogo harafin n, mutane da yawa dogwan suke furtawa, saboda o kan gajarce ya karkata zuwa a a rufaffiyar gaɓa, ya bar kewayensa a kan g. Daidaitaccen rubutu dai dogon yake so, da angon, da baƙon.

Hausar yamma

Karin harshen Sakkwato da Gobir da wasu sassan Katsina da kudancin Nijar ya fi na Kano wadatar leɓantattun baƙaƙe. A can ana leɓanta har baƙaƙen da ake furtawa da tsinin harshe, a ce ɗwaci a maimakon ɗaci, twari a maimakon tari. Haka kuma inda Bakano ke da fa, su hwa suke da shi: hwari, hwaɗi, hwarko. Masana tarihin harshe suna ganin cewa a kalmomi irin ɗwaci Hausar yamma ce ta riƙe tsohon furuci, ta gabas ta yar da shi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana irin waɗannan kalmomi masu yawa, tare da nuna yankin da ake amfani da su.

Agege: inda kw ya haɗu da kp

Unguwannin Hausawa na Legas, irin su Agege da Idi-Araba da Obalende da kasuwar Mile 12, wurare ne da ake jin waɗannan kare-kare duka a layi ɗaya, ga kuma Yarabanci da harshen Ibo a gefe. Cinikin goro ne ya jawo fataken Arewa zuwa Agege tun farkon ƙarni na 20, zangonsu kuma ya bunƙasa bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912.

Yarabanci yana da sautuka biyu da kunnen Bahaushe ke ɗauka kamar gw da kw, alhali ƙirarsu dabam ce. Su ne gb, da kuma wanda Yarabawa ke rubutawa p amma suke furtawa kp. A cikinsu leɓɓa rufewa suke yi ruf a daidai lokacin da doron harshe ya rufe hanɗa, sannan a saki wuraren biyu tare. Babu uwa babu goyo a nan, furuci biyu ne masu ƙarfi ɗaya. Tun da Hausa ba ta da su, sai ta maye gurbinsu da mafi kusa a cikin nata: ta riƙe rufewar hanɗa, ta sassauta rufewar leɓɓa ta koma kewaye.

Sawun wannan musanya yana nan a kalmomin kasuwa. Ɗan itacen da Yarabawa ke kira agbalumo shi ne agwaluma. Gbanjo ya zama gwanjo. Paali, wanda ake furtawa kpaali, ya zama kwali. Kwano ma ana danganta shi da paanu, kalmar da Yarabanci ya aro daga Ingilishi kafin ta iso Hausa. Haka aka yi wa sunan Gbagyi ko Gbari ya zama Gwari. Wanda ya tashi a Agege da harsunan biyu a bakinsa yakan furta gb a Yarabanci da gw a Hausa ba tare da ya gauraya su ba, amma wanda ya zo da girmansa sau da yawa da gw yake sayen agwalumarsa.

Goro kansa ya ɗauki wannan tarihi. Ƙasar da fatake ke zuwa sarinsa a arewacin Gana ta yau, inda kasuwar Salaga take, Hausawa Gwanja suke ce mata, Yarabawa kuma suna kiran irin goron da ya shahara daga can obi gbanja. Ibo kuwa gworo suke ce masa, sun aro sunan daga Hausa, sun kuma rubuta w ɗin da Hausa ke furtawa ba ta rubutawa. Harshen Ibo ya haɗa iri biyun: yana da kp da gb, yana kuma da kw da gw da nw, kowanne harafi mai zaman kansa a abacadar Onwu ta 1961. Ana jin su a kalmomi irin akwa da egwu da nwa.

Kalmomin aro daga Turai

Leɓantawa ce ta ba kalmomin mulki da zamani kamanninsu na Hausa. Inda kalmar Ingilishi ta fara da sautin k ko g, wasali mai kama da o ya biyo baya a furucin da Hausawa suka ji, sai Hausa ta ɗauke kewayen daga wasalin ta ɗora wa baƙin, ta bar a a wurin. Ta haka aka samu gwamna da gwamnati, kwamiti da kwamishina, kwaleji, kwastan, kwalara, kwalta, gwal, kwandasta, kwantena da kwamfuta. Sunayen wurare ma sun bi layi: Kwango, Kwatano. A wasu sunayen gida kuwa akasin haka ya faru, rubutun Turawa ne ya mayar da wa zuwa o, Sakkwato ta zama Sokoto, Kwantagora ta zama Kontagora, Birnin Ƙwanni ya zama Konni.

A sauran duniya

A haruffan Ƙungiyar Furuci ta Duniya, wadda aka kafa a Faris a 1886, ana nuna leɓantawa da ɗan ƙaramin w a saman kafaɗar baƙi, kamar kʷ. Latin yana da wannan sauti, shi ne ake rubutawa qu. Rubutun Habasha, wanda Amharik ke amfani da shi, ya ware haruffa na musamman don kwa da gwa da danginsu. A Gana, sunan harshen Twi kansa da baƙi mai kewayen leɓɓa ya fara. Yankin Kokeshiya ya yi fice a wannan fage: harshen Ubik yana da baƙaƙe fiye da 80, da yawansu leɓantattu, da wasula biyu kacal, kuma mutum na ƙarshe da ya iya shi sosai, Tevfik Esenç, ya rasu a Turkiyya a 1992. Ingilishi yana kewaye leɓɓa kaɗan wajen furta sh da r, amma hakan ba ya raba ma'ana.

Daidaitaccen Larabci ba shi da waɗannan baƙaƙe, don haka marubuta ajami suka nemi dabara. Wasu sun bar wa mai karatu ya gane daga ma'ana, wasu kuma suna ɗora ɗigo uku a kan harafin da ke wakiltar k ko g ko ƙ don nuna cewa yana da goyo. A 2020 tsarin Unicode, wanda kwamfutoci da wayoyi ke bi wajen nuna haruffa, ya ƙara wasu haruffan ajami da ake buƙata don rubuta Hausa.

Ga mai rubutu da boko, ƙa'idar a taƙaice take: a rubuta w bayan k da g da ƙ idan ana jin sa kafin a ko i, kamar a takwas da gwiwa da kwikwiyo, kada a rubuta shi kafin u da o, a kuma bar asalin wasalin kalma yadda yake idan an liƙa mata n, a rubuta dogon zango ko da baki ya ce dogwan.