Gyara ko Rusau? Yadda aka yi da tsofaffin gidaje a wata unguwar Landan

Bethnal Green unguwa ce ta talakawa a gabashin birnin Landan, a ƙasar Ingila. A da, yawancin gidajenta na haya ne, an gina su tun ƙarni na 19, matsattsu, masu danshi, ba su da wurin wanka. A shekarun 1940 da 1941 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa yankin ruwan bama-bamai. Da yaƙi ya ƙare a 1945, sai hukuma ta tsaya tana tunani: wane gida za a gyara, wane za a rushe?

Ma'aunin gida mai kyau

Dokar gidaje ta 1954, wadda aka sake tabbatarwa a 1957, ta tsayar da abubuwa takwas da ake dubawa: halin da ginin yake ciki, ƙarfin tsayuwarsa, rashin danshi, hasken rana, shigar iska, ruwan sha, makewayi da magudana, sai wurin ajiye abinci da dafa shi da zubar da ruwan wanke-wanke. Gidan da ya gaza ƙwarai, ko da a abu guda ne, ana iya yanke cewa bai dace mutum ya zauna cikinsa ba.

Wa yake dubawa?

A wancan zamanin, duba-gari ne suke shiga gida-gida, a ƙarƙashin babban likitan gunduma. In ana iya gyara gida da kuɗi daidai gwargwado, sai a ba mai shi takarda da wa'adi. In ya ƙi, hukuma ta gyara, ta karɓi kuɗinta a hannunsa. In gyaran ya fi ƙarfin darajar gidan, sai a rufe shi ko a rushe. In kuwa layi ne sukutum ya lalace, sai hukuma ta saye wurin, ta share shi. Sau da yawa kuɗin fili kawai ake biyan mai gida.

Abin da rusau ya jawo

An mayar da iyalai da dama cikin gidajen bene, wasu kuma aka kai su sababbin unguwanni a Essex, bayan gari. Sun samu famfo da makewayi nasu na kansu. Amma binciken da Michael Young da Peter Willmott suka wallafa a 1957 ya nuna cewa ƙaura ta raba ɗiya da uwarta, ta yanke zumunci da taimakon juna na maƙwabta.

A 1968 wani sashen dogon bene mai suna Ronan Point ya rufta a gabashin Landan, mutum huɗu suka mutu. A 1969 sabuwar doka ta ƙara tallafin kuɗi domin gyaran tsofaffin gidaje. Daga nan aka rage rusau, aka koma ga gyara, jama'a kuma na zaune a unguwarsu.