Garin Wa? Yawon Buɗe Ido da Kwanciyar Hankalin 'Yan Gari

Idan hukumomin birni suka tashi auna ribar yawon buɗe ido, baƙi suke ƙirgawa, da kwanakin da suka yi, da kuɗin da suka kashe. Mutumin da aka haifa a unguwar, wanda yake kwana yake tashi a cikinta, da wuya a tambaye shi ko rayuwarsa ta ƙara daɗi. Hujjar wannan maƙala ita ce, yawan baƙi kaɗai ba ya hana 'yan gari jin daɗi; abin da ke hana su shi ne ranar da gida da kasuwa da hanya suka daina yi musu hidima, suka koma yi wa mai wucewa.

Tun a 1975 George Doxey ya tsara matakan da zuciyar mai masauki ke bi: murna da farko, sai halin ko-in-kula, sai gundura, daga ƙarshe ƙiyayya. Tsarin ya yi suna, amma yana da rauni, domin ya ɗauki 'yan gari kamar mutum ɗaya ne, alhali mai otal da ɗan haya ba ruwa ɗaya suke sha ba. John Ap ya matsa kusa da gaskiya a 1992, da ya nuna cewa kowa na auna abin da ya samu ne da abin da ya rasa. Shi kuwa Artjoms Ivlevs, a binciken da ya wallafa a 2017 kan ƙasashen Turai 32, ya gano cewa ƙaruwar baƙi daga waje na tafiya tare da raguwar gamsuwar mazauna da rayuwarsu. Sai dai alƙaluman ƙasa baki ɗaya ba sa nuna ta wace ƙofa ɓarnar ke shiga. Dole a sauka cikin unguwa.

Basalona, a ƙasar Sifen, ta buɗe wa duniya ƙofa da wasannin Olamfik na 1992, kuma ta ci riba, babu musu. Amma a dubi motar bas mai lamba 116. Ƙaramar mota ce da ke hawa tudun unguwar La Salut, inda tsofaffi suka dogara da ita wajen zuwa cefane da komawa gida. Da manhajojin taswira suka fara nuna wa baƙi cewa ita ce hanya mafi sauƙi zuwa lambun Park Güell, sai motar ta riƙa cika maƙil tun daga tashar farko, tsohuwa da sandarta da jakar cefanenta tana tsaye a bakin titi motar na wuce ta. A 2024 sai da aka cire hanyar motar daga Google Maps kafin mutanen unguwa suka sake samun wurin zama. Babu wanda ya zagi tsohuwar, babu wanda ya ƙwace mata komai, amma an rage mata gari. Irin wannan asara ba ta shiga lissafin kuɗin shiga, kuma ita ce ke cin rai kullum.

Maganar gida ta fi wannan nauyi. Mai gida da ya ga zai samu a mako ɗaya daga baƙo abin da ɗan haya ke biya a wata, ba ya buƙatar mugunta kafin ya ba ɗan haya wa'adi. Binciken da Miquel-Àngel Garcia-López da abokan aikinsa suka wallafa a 2020 ya nuna cewa Airbnb, manhajar bai wa baƙi hayar gidaje, ta ɗaga kuɗin haya a Basalona da kimanin kashi 1.9 cikin ɗari a matsakaiciyar unguwa, amma da kashi 7 a unguwannin da harkar ta fi yawa. Ga darasin a fili: matsakaicin lissafi na ɓoye wanda abin ya faɗo wa a ka. A watan Yuni na 2024 magajin gari Jaume Collboni ya sanar cewa lasisin gidaje fiye da 10,000 da ake bai wa baƙi haya zai ƙare a ƙarshen 2028.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Karin maganar ya ginu ne a kan cewa baƙo zai tafi gari ya koma hannun masu shi. Birnin Benis na Italiya ya nuna abin da ke faruwa idan wani baƙon ya maye gurbin wani kafin rana ta fito. Tsohon garin na da mazauna kusan 175,000 a 1951. A 2022 sun gaza 50,000. Tun a 2009 mutanen garin suka yi wa birninsu jana'izar kwaikwayo, suka bi babbar mashigar ruwa da akwatin gawa a kwale-kwale. Gaskiya ne ambaliya da tsadar gyaran tsofaffin gine-gine sun kori mutane tun kafin cunkoson baƙi. Amma idan shagon burodi ya koma na kayan tsaraba, maƙwabci ya koma ƙofa mai makullin lambobi, wanda ya rage ba shi da wanda zai yi wa sallama da safe. Harajin yuro 5 da aka fara karɓa daga baƙi masu yini a watan Afrilu na 2024 na iya cika asusu. Bai mayar da iyali ko ɗaya cikin gidansu ba.

Kada a ɗauka korar baƙi ce magani. Agadas, wadda UNESCO ta sanya tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, ta ɗanɗana ɗaya gefen: tun tawayen 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya baƙi suka ɗauke ƙafa, maƙeran azurfa da direbobin hamada da 'yan jagora suka rasa abin yi. Ɗacin rashin baƙo ma ɗaci ne.

Mu ma batun ya shafe mu. A Disamban 2024 UNESCO ta amince da hawan sallar Kano a matsayin gadon al'adun duniya, kuma ana ta fatan baƙi su ƙaru. Kano ba ta yi kusa da halin Benis ba, shi ya sa yanzu ne lokacin auna abin da Basalona ba ta auna ba sai da ya ɓaci. A rubuta kuɗin haya a unguwannin da ke kewaye da fada da kasuwar Kurmi, a riƙa bibiyarsa shekara-shekara. A tambayi marina na Ƙofar Mata nawa ke shiga aljihunsu daga baƙon da ya ɗauke su hoto. Ranar hawan Daushe kuma, idan an kafa wa manyan baƙi rumfa a Ƙofar Kudu, a duba ko yaron unguwa na da inda zai tsaya ya ga sarkinsa.