Daga Kasuwa Zuwa Ɗakin Gwaji: Tarihin Awon Ɗigo a Ilmin Kimiyyar Sinadarai

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ratsa ajin kimiyya a makarantar sakandare ya san aikin nan da ake kira taitireshan, inda ake ɗiga ruwan asid daga doguwar kwalba mai zane-zanen awo zuwa cikin ruwan alkali, har sai launi ya juya, sannan a karanta yawan abin da aka ɗiga. A wannan maƙala za a kira shi awon ɗigo. Maƙasudin maƙalar shi ne ta bi sawun wannan aiki daga farkon ƙarni na 18, domin ta nuna cewa buƙatar 'yan kasuwa da masu sana'a ce ta haife shi, kuma kalmomin da ake amfani da su a kansa suna ɗauke da alamar wannan asali har yau. Batun ya shafi masu nazarin harshe, musamman waɗanda aikin ƙirƙirar kalmomin fannu ya rataya a wuyansu, domin wanda bai san inda kalma ta fito ba yakan fassara ɓawonta ya bar ƙwayar.

2.0 Khal da Toka

Tushen aikin ba baƙo ba ne ga mai girki. Matar da ta jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami tana haɗa asid ne da alkali, kowane yana karya ƙarfin ɗan'uwansa. Abin da awon ɗigo ya ƙara shi ne ƙidaya: idan an san ƙarfin ɗaya, aka kuma san yawan da aka zuba kafin su yi kunnen doki, to, an san ƙarfin ɗayan. Ita kalmar alkali daga Larabci Turawa suka aro ta, inda take nufin tokar wani tsiro, kuma ba ta da dangantaka da alƙali mai shari'a, duk da yadda rubutun da ba ya sa ƙugiya yake haɗa su.

A shekarar 1729 Claude Joseph Geoffroy ya gabatar wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa hanyar gane ƙarfin ruwan khal. Yakan riƙa barbaɗa garin gishirin toka a cikin khal ɗin kaɗan-kaɗan har kumfa ta daina tashi, sannan ya lissafa nauyin garin da ya shiga. A 1756 kuma, Francis Home na Edinbara ya juya al'amarin: tokar da masu fararta yadi suke saye yake son ya gwada, sai ya riƙa zuba mata asid yana ƙirga cokulan shayi har kumfar ta kwanta. Cokalin shayi ba ma'auni ba ne na kirki, amma ya isa ya bambance toka mai kyau da wadda aka yi wa algus. Alamar launi kuwa ta riga su duka, domin tun a 1664 Robert Boyle ya bayyana yadda ruwan wani fure yake yin ja a cikin asid, ya koma kore a cikin alkali. Mai son ganin irin wannan da idonsa sai ya ɗiga ruwan kanwa a zoɓo.

3.0 Yadi da Shuni

Kafin ƙarshen ƙarni na 18, fararta yadi a Turai aiki ne na watanni: a jiƙa a ruwan toka, a shanya a kan ciyawa, a tsoma a tsamin nono, a sake komawa farko. Bayan Carl Wilhelm Scheele ya gano iskar kilorin a 1774, Claude Louis Berthollet ya nuna a 1785 cewa ruwanta yana rage wannan aiki matuƙa. Sai dai kuma sabuwar hanyar ta zo da nata haɗarin. Idan ruwan ya cika ƙarfi sai ya cinye zaren, yadi ya ruɓe a hannun mai shi. Idan ya yi rauni, fari ba zai fito ba. Babu mai iya gane ƙarfinsa da ido.

Wanda ya warware wannan matsala shi ne François Descroizilles, mai haɗa magunguna da ke zaune a Rouen, garin masaƙa da marina. Ya lura cewa kilorin tana kashe launin shuni, wato dai launin da marinanmu suke samu daga baba. A wajajen 1791 sai ya ƙera wata doguwar kwalba mai zanen awo, ya riƙa zuba narkakken shuni a kan ruwan kilorin da aka auna. Muddin akwai sauran kilorin, shunin da ya shiga sai ya ɓace; da zarar ta ƙare, sai launin ya tsaya. Yawan shunin da aka ci shi ne ƙarfin ruwan. A 1806 ya fito da irin wannan ma'auni domin gwada toka da alkalin da masu sabulu da masu gilashi suke saye. A tawa fahimtar, shi ya fi cancanta a kira uban wannan fanni, ko da yake littattafan makaranta ba su cika ambatonsa ba.

4.0 Azurfa da Asalin Kalma

Sunan da ya fi fita shi ne na Joseph Louis Gay-Lussac. Shi ne a 1824 ya shigar da kalmomin burette da pipette cikin harshen ɗakin gwaji, waɗanda muke ara a matsayin buret da fifet. Ta farko tana nufin 'yar buta, irin wadda ake zuba mai ko ruwan inabi, ta biyu kuma ɗan bututu. Dukkansu kalmomin gida ne a Faransanci, ko da yake a kunnenmu suna da kwarjinin ilmi.

Babban aikinsa ya shafi kuɗi. Doka ta ce kuɗin azurfa na Faransa su ƙunshi kashi 900 cikin 1000 na tsantsar azurfa. Tsohuwar hanyar tabbatar da haka ita ce a narkar da ɗan gutsure tare da dalma a cikin ɗan kaskon da aka yi da tokar ƙashi. Dalmar ta kwashe jan ƙarfe ta shige jikin kaskon, a auna ƙwayar azurfar da ta rage. Aibin hanyar shi ne kaskon yana shanye wani abu daga azurfar ita kanta, don haka awon yana nuna ƙasa da gaskiya da 'yan kashi kaɗan cikin dubu. Ga mai zobe ɗaya wannan ba komai ba ne, amma ga gidan buga kuɗi, da kuma mai kawo masa azurfa, dukiya ce mai yawa. A 1832 Gay-Lussac ya wallafa hanyar da ta maye gurbinta: a narkar da azurfar a asid, a riƙa ɗiga ruwan gishirin da aka san ƙarfinsa. Kowane ɗigo yana saukar da wani farin abu mai kama da kindirmo, kuma idan ɗigo ya faɗa ruwa bai gurɓace ba, azurfa ta ƙare.

A nan ne kalmar ta samo asali. Titre a Faransanci ta fito ne daga Latin, inda take nufin rubutun shaida da ake sa wa abu, amma a bakin maƙeran zinariya da azurfa ta koma nufin gwargwadon tsantsar ƙarfen da ke cikin tsaba. Saboda haka ainihin ma'anar taitireshan ita ce tantance tsantsa, babu maganar ɗigo a cikinta. Dole in amsa cewa awon ɗigo da na zaɓa motsin hannu kawai ya kama, ya bar manufar aikin; Geoffroy ma gari ya barbaɗa. Awon tsantsa ya fi kusa da asali, kuma yana da abokan zama a harshen kasuwa, irin su algus da gauraye da jabu. Na riƙe na farkon ne don ɗalibi yana ganin abin da sunan ya faɗa.

5.0 Hatsi da Madara

Gyaran kayan aiki bai ɗauki lokaci ba. Étienne Henry ya yi buret mai famfo a 1845, sannan Karl Friedrich Mohr na Jamus ya sa mata robar da ake matsewa, ya kuma tattara hanyoyin duka a littafinsa na 1855, wanda ya mai da awon ɗigo darasin makaranta.

A 1883 Johan Kjeldahl, wanda yake aiki a ɗakin gwajin kamfanin giya na Carlsberg a Danmak, ya buƙaci sanin yawan furotin da ke cikin hatsi. Dabararsa ita ce a dafa hatsin a asid mai zafi har ya narke, a zuba alkali, a turara iskar amoniya da ta tashi zuwa cikin asid, sannan a yi awon ɗigo. Abin da ake samu shi ne yawan naitirojin. Da yake naitirojin kimanin kashi 16 cikin 100 ne na furotin, sai a ninka da 6.25. Hanyar ta bazu ta zama abin dogaro wajen sa wa hatsi da madara da abincin dabbobi daraja, har aka saba cewa an auna furotin, alhali naitirojin aka auna.

Ta wannan giɓi da ke tsakanin suna da aiki masu algus suka shiga a ƙasar Sin. Sun tsinka madara da ruwa, suka zuba mata melamin, wani sinadari da ake yin kwanukan roba da shi, wanda kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne. Awon da ya dogara ga naitirojin sai ya nuna madara mai cike da furotin. Asiri ya tonu a 2008, lokacin da hukumomin ƙasar suka bayyana cewa jarirai kusan 300,000 sun kamu da ciwon da ya shafi ƙoda da mafitsara, shida kuma sun rasu. Daga nan ne aka tilasta yi wa madara gwaji na daban da ke neman melamin shi kansa, tun da hanyar Kjeldahl ba ta iya bambance naitirojin ɗin madara da na melamin.