Tarihinmu na Cikin Tukunya: Kira Ga Gidajen Wurma Su Rubuta Girkin Iyaye

Muna yi wa shugabannin ƙungiyarmu godiya da suka sake ba mu fili a mujallar bana. A fitowar baya an yi ta rubutu kan sarauta da malamai da makarantu. Wannan karon muna so mu leƙa sashen da mu maza ba mu cika leƙawa ba, wato madafi, domin a can ma akwai tarihin Wurma, kuma shi ne ya fi saurin salwanta.

Abin da ya zaburar da mu wani biki ne da aka yi a danginmu bara. Da aka zo haɗa gara, sai aka rasa wadda ta iya alkaki da nakiya irin na gidan, domin gwaggonmu da ta saba yi ta riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yanta sun sha taya ta aikin, amma babu wadda ta riƙe kwana nawa kwaɓin alkama yake yi kafin ya yi tsami, ko yadda take gane zuma ta kai. Ƙarshe sai Katsina aka aika aka sayo. Kuɗin da aka kashe bai dame mu ba kamar ganin cewa ilimin da ya bi uwa da 'ya shekaru aru-aru ya yanke a gabanmu, alhali gidan cike yake da masu takardun shaida.

Abin kunya ne mu faɗa, amma yawancin abin da aka rubuta game da cimar ƙasar Hausa baƙi ne suka rubuta shi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Katsina a 1851, kuma ya ba da labarin fura a littattafan tafiyarsa. Likita Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da ganyaye na Hausa a 1916. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana ɗauke da sunayen abinci waɗanda yaran yau ba su taɓa ji ba. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta rubuta rayuwarta daga bakinta, har da al'adun aure da jego, aka buga a 1954. Polly Hill ta yi bincike a Batagarawa a 1967, Michael Watts kuma ya yi nasa a Kaita kan tarihin yunwa, ya buga a 1983. Sun yi ƙoƙari, sai dai babu ɗayansu da zai gaya mana yadda kakarmu take kaɗa miya.

Mu da aka haifa daf da samun 'yancin kai mun tarar da gidajen da gero da dawa da maiwa ne ginshiƙinsu. Tun asuba ake jin sautin taɓarya. A surfa hatsi, a bakace, a wanke, a shanya, a daka ko a niƙa a kan dutse, a tankaɗe. Da yamma a yi talge, a bar rude ya dahu, a tuƙa da muciya, a bari ya sulala, a kwashe da mara a zuba a akushi. Miya kuwa kuka ce ko busasshiyar kuɓewa ko karkashi, kuma armashinta daddawa. Daddawar kalwa aiki ce ta kwanaki: a dafa kalwa har ta yi laushi, a sussuke ɓawon a turmi, a wanke, a sake dafawa, a rufe a kwando da ganye kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so, a kirɓa, a mulmula, a shanya. Wadda ba ta da kalwa sai ta yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Kowane mataki yana da alamar da ake ganewa da ido ko da hanci, kuma waɗannan alamomi su ne ba a rubuta ba.

Akwai kuma wani babin da ya fi wannan muhimmanci, shi ne girkin lokacin tsanani. Dattawanmu sun ba mu labarin yunwar Kakalaba ta 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940. Mu kuma da idonmu muka ga farin 1973 zuwa 1974 muna yara. A waɗannan shekaru mata ne suka riƙe gidaje. Su suka san ganyen da ake ci da wanda ke cutarwa, da yadda ake dafa tafasa a zubar da ruwan farko a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, da yadda mudu ɗaya na gero zai zama kunun da zai ratsa gida duka, da amfanin rama da zogale da yaɗiya da goriba da aduwa. Wanda ya ga tsadar hatsi ta 2024 ya san ba a rabu da bukatar wannan sani ba. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

To, me ya kawo sauyi? Injin niƙa ya sauke dutse da turmi, kuma babu mai kukan wannan, domin ya hutar da iyayenmu mata. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 ya yaɗa masara da takin zamani, tuwon masara ya shiga gidajen da da ba su san shi ba. Dunƙulen kanti ya ture daddawa, shinkafa da taliya suka zama abincin yau da kullum. 'Ya'yanmu mata sun tafi makarantun kwana, wasu har jami'ar tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, abin da mu malamai muka daɗe muna fata, amma shekarun da ake koyon girki a gindin murhu a aji suka yi su. Sannan ga matsalar tsaro da ta addabi yankin Kurfi da Safana da Batsari, wadda ta raba iyalai da gidajensu, ta raba tsofaffi da jikokinsu.

Shawararmu mai sauƙi ce. Kowane gida ya sayi babban littafin rubutu mai ƙarfin bango, a damƙa shi ga yarinya ko yaron da ya iya rubutu, da boko ko da ajami. A lokacin hutu a zauna da kaka ko inna ko gwaggo ranar da take girkin, domin abin da hannu ya saba yi baki yakan tsallake shi. A rubuta sunan abincin yadda gidan yake kiransa, da kayan haɗi, da awo. In ta ce “ɗan kaɗan” ko “yadda ya kamata”, a auna da gwangwani ko ludayi ko mudu kafin ta zuba. A rubuta wurin wa ta koya, daga wane gari aka auro waccan, da lokacin da ake yin abincin: salla, ko suna, ko biki, ko azumi, ko ranar gayya a gona. Kada a manta da kunun kanwa da yajin mai jego, da ƙaurin suna. A manna hoton mai girkin in ta yarda, da hoton akushi da madambaci da maburgi tun ba su ƙare ba. Naɗar murya a waya tana da amfani, amma waya takan ɓace ko ta lalace, saboda haka a mayar da abin da aka naɗa kan takarda, a yi kwafi biyu, a ajiye a gidaje daban-daban.

A kula da ladabi. Wata dattijuwar da furarta ko daddawarta take ci da kanta, kuma tana da haƙƙin ɓoye sirrin sana'arta. Irin wannan a roƙe ta ta ba wadda ta aminta da ita a cikin zuri'a, littafin kuma ya zauna a gida.

Muna roƙon ƙungiya ta ɗora wa reshen mata da malaman makarantunmu alhakin bibiyar wannan aiki, kuma ta ware shafi biyu a kowace fitowa domin girki ɗaya daga gida ɗaya, da labarinsa. Mu da muka shekara talatin da ɗoriya muna cika rajistar ɗalibai mun ga amfanin abin da aka rubuta ran da aka zo nemansa. A fara da mafi tsufa a kowane gida, kuma a fara a hutun nan mai zuwa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka ciyar da mu, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, Ya zaunar da Wurma da ƙasa baki ɗaya lafiya, amin.