"Ta Wurin Addu'a": Daga Legas Zuwa Kabo



Kusan kowace safiya, tun ba mu wanke ido ba, wani ya riga ya turo mana magana mai ƙarfafa zuciya a WhatsApp, da hoton fitowar rana, da sunan wani babban mutum a ƙasa. Mukan karanta, mu ce Amin, mu tura wa na gaba. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai da wuya mu tsaya mu tambayi halin da mai maganar yake ciki sa'ad da ya faɗe ta, da abin da ya same shi daga baya. Yau za mu bi sawun magana biyu. Ta biyun za ta kawo mu har gida, Kabo da Gwarzo.

Ta farko ta William Carey ce: "Ku sa ran manyan abubuwa daga wurin Allah, ku gwada yin manyan abubuwa domin Allah." Ta fito ne daga wa'azin da ya yi a garin Nottingham na Ingila a watan Mayu 1792, a kan Ishaya 54:2-3. Carey talaka ne, ya yi shekaru yana ɗinkin takalma kafin ya zama fasto. A 1793 ya tafi Indiya da iyalinsa. Shekara ɗaya bayan isarsu ɗansa Peter ya mutu yana da shekara biyar. Matarsa Dorothy ta sami taɓin hankali wanda bai sake ta ba har ta rasu a 1807. Sai da ya yi shekara bakwai yana wa'azi kafin aka yi wa mutumin ƙasar na farko, Krishna Pal, baftisma a Disamba 1800. A 1812 gobara ta cinye ɗakin buga littattafansu a Serampore, har da takardun fassara na aikin shekaru. Carey ya zauna ya sake farawa. Ya rasu a Indiya a 1834, bai taɓa komawa Ingila ba. Wanda ya san wannan, idan ya sake karanta maganar, zai ji nauyinta dabam.

Magana ta biyu gajeriya ce ƙwarai: "Ta wurin addu'a." Shi ne taken ƙungiyar mishan ta SIM, wadda a da ake kira Sudan Interior Mission, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga aikinta. A wancan zamani Turawa na kiran dukan ƙasashen da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa, da sunan Sudan.

A ranar 4 ga Disamba 1893, shekara ɗari bayan tafiyar Carey, samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Dukansu ba su kai shekara talatin ba, sa'o'in yawancinmu ke nan. Ba wata babbar ƙungiya da ta ɗauki nauyinsu. Wani shugaban mishan da suka tarar a Legas ya gaya musu cewa ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai dai wataƙila jikokinsu. Ba don mugunta ya faɗa ba. Ya san yadda zazzaɓin cizon sauro yake kashe baƙi.

Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Legas. Sauran biyun suka nufo arewa. Gowans ya mutu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, a Nuwamba 1894. Kent ya mutu a Bida a watan Disamba na wannan shekara. Bingham ya koma Kanada a 1895 ba tare da ya kafa komai ba. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi gida. Sai a karo na uku, a 1902, aka kafa tashar farko a Patigi, a bakin kogin Kwara. Ƙungiyar da ta binne biyu cikin mutum uku na farko, ta kuma sha kāye sau biyu, ta san abin da take nufi idan ta ce ta wurin addu'a take aiki. Ta riga ta ga iyakar ƙarfin samartaka da ƙwazo.

Ƙasar Kano ma ba ta buɗu da wuri ba. A 1900 wata tawagar CMS, ƙarƙashin Bishop Tugwell, tare da Dokta Walter Miller, ta iso birnin Kano. Sarki Alu ya umarce su su fita, suka koma suka zauna a Girku, garin da Gowans ya mutu. Miller bai bar ƙasar Hausa don haka ba. Ya zauna a Zariya, ya ba da ƙarfinsa ga fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Sai a shekarun 1930, kimanin shekara arba'in bayan saukar samarin nan uku, SIM ta sami izinin zama a Kano. Ta karɓi aikin jinyar kutare, a 1943 kuma aka buɗe asibitin ido wanda har yau mutane ke zuwa daga nesa, Musulmi da Kirista. Aka buɗe tashoshi a karkara. Kabo ta sami tashar mishan da makarantar 'yan mata, Roni ta sami ta maza, Tofa kuma ta sami makarantar Littafi Mai Tsarki inda aka horar da masu bishara Hausawa. Bingham, wanda aka ce ba zai ga Sudan ba, ya rayu har 1942, ya ga ƙofar Kano ta buɗu. A 1954 ikilisiyoyin suka haɗu suka zama ECWA.

Amma Turawa kaɗan ne. Waɗanda suka taka ƙauyukan Kabo, Gwarzo da Karaye da ƙafa da keke, suka zauna a gidajen Maguzawa, suka koya wa yara karatu a gindin bishiya, su ne iyayenmu da kakanninmu. Da yawansu sun sha gori da ƙi daga danginsu, amma suka zauna lafiya da maƙwabtansu, suna noma suna wa'azi. Su ma suna da maganganun da suka riƙe su a wancan lokaci. Ba wanda ya buga su a kalanda, ba wanda yake tura su a waya. Tsofaffin da suka ji su da kunnensu kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Na ɗaya, kafin mu tura wata magana, mu bincika wanda ya faɗe ta da abin da ta ci masa. Idan ba mu tabbatar da mai ita ba, kada mu liƙa mata sunan kowa, gama mu mutanen gaskiya ne. Na biyu, a cikin wannan wata kowane reshe na zumuntar matasa ya ziyarci dattijo ɗaya ko ɗaya daga cikin iyayenmu na zumuntar mata. Mu durƙusa mu gaishe su, mu ce, "Baba," ko "Mama, wace magana ce ta riƙe ku lokacin da abubuwa suka yi tsanani? Wa kuka ji ta a bakinsa?" Mu rubuta amsar da sunan mai ita da sunan garinsu, mu kawo mu karanta a taronmu.

Wasunmu suna jiran aiki, wasu gurbin karatu, wasu amsar addu'ar da suka daɗe suna yi. Carey ya jira shekara bakwai, Bingham ya jira kusan arba'in kafin ya ga ƙofar Kano ta buɗu. Mu karanta Ibraniyawa 11 da 12:1-3 a wannan mako, muna tunawa da su da namu tsofaffin.

Allah ya ba mu haƙuri irin nasu. Amin.