Soja da Diyyar Sakaci: Tarihin Wani Haƙƙi a Dokar Ingila

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki aikin soja ya san cewa ya sa hannu ne a kan aiki mai haɗari, kuma ya amince da cewa wata rana abokin gaba zai iya raba shi da ransa. Amma akwai wani haɗari na daban da ba daga abokin gaba yake zuwa ba, watau wanda ke fitowa daga cikin gida: bindigar da ba a duba ba, da jirgin da ya tsufa aka ƙi gyarawa, da rawar dajin da aka shirya ba tare da lura da zafin rana ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin tarihin yadda dokar Ingila ta koyi rarrabe waɗannan haɗurra guda biyu, daga 1947 zuwa 2016. Al'amarin ya shafi masu nazari a nan, domin a ƙarƙashin tutar Birtaniya ne dubban 'yan Nijeriya da na Gwalkwas suka yi yaƙin Bama, kuma daga dokar Ingila ne aka gaji yawancin tsarin shari'ar da ake koyarwa a jami'o'in ƙasashen nan.

Zamanin da Sarki ba ya laifi

Tun zamanin da, masana shari'ar Ingila suna da wata ƙa'ida da ke cewa Sarki ba ya laifi. Ma'anarta a aikace ita ce ba a iya kai Sarki ƙara a kotun da shi ne ya kafa ta, kuma tun da ma'aikatun gwamnati da sunan Sarki suke aiki, su ma wannan kariya ta lulluɓe su. In mutum yana bin gwamnati bashi na yarjejeniya, akwai hanyar kai koke ga Sarki. In kuwa rauni aka ji masa saboda sakacin wani ma'aikaci, sai dai ya nemi wannan ma'aikaci shi kaɗai. Don a rage zafin abin, gwamnati ta ɓullo da wata dabara: takan ba da sunan wani jami'i a yi ƙararsa, in an ci shi tara ita ta biya.

Wannan dabara ta rushe a 1946, a shari'ar wasu yara biyu da suka faɗa wani fili da sojoji suka binne nakiyoyi a ciki lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ɗaya ya mutu, ɗaya ya ji rauni. Alƙalan Majalisar Iyayen Ƙasa, waɗanda a lokacin su ne kotu mafi girma a Ingila, suka nuna cewa ba daidai ba ne a riƙa gurfanar da mutum na aro wanda ba shi da hannu a laifi. Ganin haka sai majalisa ta yi dokar ƙarar gwamnati ta 1947, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1948. Daga ranar nan talaka ya sami ikon kai ma'aikatar gwamnati kotu kamar yadda zai kai kowane kamfani.

Sashe na 10

Sai dai fa ƙofar da aka buɗe wa kowa an rufe wa soja ita. Sashe na 10 na dokar ya tanadi cewa in soja ya mutu ko ya ji rauni yana bakin aiki, ta dalilin abin da wani soja ya aikata, ko ta dalilin halin da gini ko jirgi ko kayan aikin gwamnati suke ciki, ba za a yi ƙarar gwamnati ba, ba kuma za a yi ƙarar sojan da ya jawo abin ba, muddin minista ya ba da takardar shaida cewa za a ɗauki raunin a matsayin na aiki wajen lissafin fansho. Hujjojin gwamnati biyu ne. Na farko, horon soja dole ne ya yi kama da yaƙi, kuma hafsan da ke tsoron lauya ba zai horar da kurata yadda ya kamata ba. Na biyu, fansho ya isa ya maye gurbin diyya, tun da ana biyansa ba tare da an tsaya tabbatar da laifin kowa ba.

Ba a daɗe ba aibin hujja ta biyu ya bayyana. A shari'ar Adams ta 1955, harsashin igwa ya kashe wani sojan ko-ta-kwana a wurin atisaye. Minista ya ba da takardar shaida, wadda ta toshe hanyar kotu, sa'an nan aka duba ƙa'idojin fansho aka tarar iyayen mamacin ba su cika sharuɗɗan samun kome ba. Suka tashi ba tsuntsu ba tarko. Ko ga waɗanda suka sami fanshon ma, da tafiya ta yi nisa sai ya zamana abin da kotu ke ba farar hula a kan rauni iri ɗaya ya ninka nasu nesa ba kusa ba, alhali sau da yawa a ma'aikata ɗaya suke aiki kafaɗa da kafaɗa.

Amurka ma irin wannan hanya ta bi. Ta ba jama'a ikon ƙarar gwamnatin tarayya a 1946, amma a 1950 Kotun Ƙoli ta cire sojoji daga ciki a shari'ar Feres, wani laftana da gobara ta kashe a bariki a jihar Niyok. Cikin ƙararrakin da aka haɗa aka kora a wannan hukunci har da ta wani soja da likitan soja ya manta tawul a cikinsa bayan tiyata. Sai a ƙarshen 2019 majalisar Amurka ta yarda soja ya nemi diyyar sakacin asibiti, shi ma ta hannun Ma'aikatar Tsaro, ba ta gaban alƙali ba.

Gyaran 1987 da waɗanda bai riska ba

A Ingila, shekara 40 aka yi kafin a taɓa Sashe na 10. Iyalan waɗanda abin ya shafa suka yi ta kai kuka, ɗan majalisa Jack Ashley ya ɗauki maganar ya yi ta nanata ta, daga bisani Winston Churchill, jikan tsohon Firayim Minista, ya gabatar da ƙudurin da ya zama doka a watan Mayu na 1987. Dokar ta dakatar da sashen, amma ta bar wa Sakataren Tsaro ikon farfaɗo da shi in ƙasa ta shiga babban haɗari ko ana shirin yaƙi. Bugu da ƙari, ba ta waiwayi baya ba: duk abin da ya faru kafin ta fara aiki yana nan ƙarƙashin tsohuwar ƙa'ida.

Wannan rashin waiwaye ya fi cutar da waɗanda ciwonsu ke ɗaukar shekaru kafin ya bayyana. Alal misali, Alan Matthews ya yi aikin lantarki a jiragen mayaƙan ruwa daga 1955 zuwa 1968, inda ya yi ta shaƙar ƙurar asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ake naɗe bututu da shi don hana gobara, wanda ke lalata huhu sannu a hankali. Da ciwon ya fito ya kai ƙara, amma a 2003 alƙalan Majalisar Iyayen Ƙasa suka kore ta, domin ƙurar da ya shaƙa ta riga dokar 1987.

Iyakar fagen fama

Da aka buɗe ƙofar kotu, sai wata tambaya ta taso: shin har a tsakiyar yaƙi ma soja zai iya ƙarar kwamandansa? An amsa ta a 1996, a shari'ar Mulcahy. Shi wannan sojan igwa ne a Yaƙin Tekun Fasha na 1991. An aike shi ɗauko ruwa a gaban igwa, kwamandan ya harba yana wurin, ƙarar ta lalata masa ji. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa a lokacin da ake fafatawa da abokin gaba, doka ba ta ɗora wa soja nauyin kula da lafiyar ɗan'uwansa irin wanda ta ɗora wa mai masana'anta. Dalilin a fili yake, domin wanda ke yanke shawara cikin ƙiftawar ido harsashi na zuba ba za a auna shi da ma'aunin wanda ke zaune a ofis ba.

Amma ina wannan kariya ta tsaya? Yaƙin Iraƙi ne ya tilasta a shata iyakar. An tura sojojin Birtaniya sintiri cikin motoci samfurin Snatch Land Rover, masu sulke marar kauri, waɗanda aka ƙera don kwantar da tarzoma a Ailan ta Arewa. Nakiyoyin gefen hanya suka yi ta fasa su. Cikin waɗanda suka mutu akwai Farabiti Phillip Hewett, a watan Yuli na 2005, kuma mahaifiyarsa, Susan Smith, ita ce ta dage da shari'a har Kotun Ƙoli. A watan Yuni na 2013 alƙalai huɗu cikin bakwai suka yanke cewa kariyar fagen fama ba ta kai ga shawarwarin da aka yanke tun da wuri ba, nesa da fagen, game da sayen kayan aiki da horar da mutane, don haka a bar ƙararrakin su ci gaba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da kotu ta nuna shi ne wanda ya ƙi fafe goran tun da sauran lokaci ana iya tambayarsa dalili. Rahoton Chilcot na 2016 ya tabbatar da cewa Ma'aikatar Tsaro ta yi jinkiri wajen tunkarar barazanar nakiyoyin, kuma a 2017 Sakataren Tsaro, Michael Fallon, ya rubuta wa wannan uwa takardar neman gafara.

Nauyin kare lafiya a bakin aiki

Diyya bayan ɓarna take zuwa. Rigakafi kuwa yana cikin dokar lafiya da kariyar ma'aikata ta 1974, wadda ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya kare su gwargwadon abin da zai yiwu. Dokar ta hau kan Ma'aikatar Tsaro, amma ba a iya gurfanar da ma'aikatar a kotun laifi; iyakar abin da hukumar sa ido za ta yi shi ne ta rubuta mata takardar tsawatarwa, wadda ba ta da tara.

Abubuwa biyu sun nuna ƙarfi da raunin wannan tsari. Ranar 2 ga Satumba, 2006, jirgin leƙen asiri samfurin Nimrod ya kama da wuta kusa da Kandahar a Afganistan jim kaɗan bayan ya sha mai a sararin sama, mutum 14 suka halaka. Ba harbo shi aka yi ba: mai ne ya zuba ya taɓa wani bututu mai zafi, a jirgin da ya shekara 37 yana aiki. Binciken da lauya Charles Haddon-Cave ya gabatar a 2009 ya gano cewa takardun da aka shirya don tabbatar da lafiyar jirgin cike suke da kurakurai, kuma shekarun tsuke bakin aljihu sun sa lissafin kuɗi ya rinjayi kula da rai. Sakamakon haka aka kafa hukuma ta musamman mai sa ido kan jiragen soja a 2010.

Na biyu ya faru ne a tsaunukan Brecon na ƙasar Wales a watan Yuli na 2013, inda sojojin ko-ta-kwana uku suka mutu saboda zafi a tafiyar gwaji ta mil 16 don shiga runduna ta musamman. Kotun binciken musabbabin mutuwa ta ce sakaci ya taimaka wajen rasuwarsu, a 2016 kuma aka ba Ma'aikatar Tsaro takardar tsawatarwa. Da kamfani ne ya yi haka, da an ci shi tara mai nauyi. Mutum biyu da suka kula da gwajin aka gurfanar a kotun soja a 2018, aka kuma sallame su.

Wa ke tsaya wa soja?

Haƙƙin da ke rubuce a takarda ba ya amfani sai mai shi ya sami wanda zai tsaya masa. Soja ba shi da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi ciniki ko yajin aiki a madadinsa, lauyoyin rundunar kuwa babban aikinsu shi ne ba kwamandoji shawara da gabatar da ƙara. Saboda haka kusan duk shari'o'in da aka ambata lauyoyin farar hula ne suka ɗauke su, ƙungiyar tsofaffin sojoji da aka kafa a 1921 kuma ta daɗe tana taimaka wa masu neman fansho. A 2005 gwamnati ta fito da sabon tsarin biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki ba tare da sai ya tabbatar da laifin kowa ba, kuma karɓarta ba ta hana shi zuwa kotu. Har ila yau, bayan mutuwar kurata huɗu da harbin bindiga a barikin Deepcut tsakanin 1995 da 2002, an naɗa kwamishina mai zaman kansa a 2008 don sa ido kan koke-koken sojoji, aka kuma ƙara wa ofishin iko a 2016.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne dokar Ingila ta tashi daga ɗaukar duk abin da ya sami soja a matsayin ƙaddarar aikinsa, ta kai ga tambayar inda aka yanke shawarar da ta jawo ɓarna, da lokacin da aka yanke ta. In a gaban abokin gaba ne, kotu takan janye hannu. In a bariki ne, ko a filin horo, ko a ofishin sayen kaya, alhaki yana kan wanda aka danƙa wa amanar. Ba a kai ga ko ɗaya daga cikin matakan nan ba sai bayan an yi asarar rai, kuma sai da iyalai suka jure shekaru suna bin kotu. Ga ma'aikacin gwamnati, darasin yana kusa: takardar da ya sa wa hannu a ofis, ta gyaran mota ce ko ta sayen taya, ita ce wata rana za a buɗe in an zo neman wanda ya san da haɗarin bai yi magana ba.