Asalin Adon Manyan Motoci a Ƙasar Adar

Duk wanda ya san ƙasar Adar, daga Garhanga da Keita har zuwa Buza da Madawa, inda duwatsu da kwazazzabai suka hana tafiya sauƙi, ya san cewa tun kafin a ji ƙugin inji a wannan yanki, fatake ba su yarda dabbar da ke ɗauke da arzikinsu ta fita haka nan ba, sai sun ƙawata ta da tuntaye na jar fata, sun kuma rataya mata laya saboda sharrin hanya. Wannan ɗabi'a, wadda ta haɗa neman tsari da nuna wadata, ita ce tushen zanen da ake gani a jikin gingimari.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sa'an nan ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai cinikin gyaɗa ya bunƙasa, har raƙumi da jaki suka kasa ɗaukar abin da Turawa ke bukata. A ɓangaren da Faransa ke mulka kuwa, talakawa ne suka fasa hanyoyin mota da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Bayan yaƙin duniya na biyu motoci irin su Bedford da Berliet da Mercedes suka yawaita, kuma da yake galibinsu kai da ƙashin baya kawai ake kawowa, sai kafintoci su ƙera musu bodi na katako, ya zama wajibi a shafe katakon da fenti don kada rana da damina su ci shi. To, da buroshi ya shiga hannun mai hikima, ga kuma fili shimfiɗe a gabansa, ai da wuya ya tsaya ga launi guda.

Idon mai zane da na mai mota duka sun riga sun saba da zayyanar allon sauka, da dagin da magina ke fitarwa a bangon soraye na Zariya da Damagaram, saboda haka da wannan ma'auni aka karɓi sabuwar sana'ar. Aka riƙa rubuta Bisimilla da addu'a a goshin mota, karin magana a gefenta, bayanta kuma a cika shi da masallaci, ko zaki, ko mikiya, ko jirgin sama. 'Yan Adar masu zuwa cin rani Nijeriya da Abijan, da direbobin da ke kai albasar Galmi da Madawa kasuwannin kurmi, su ne suka riƙa komowa gida da sababbin fasali.

Amma zanen harshen wuta da ake gani a jikin wasu motocin baƙo ne, asalinsa daga Kalifoniya ta ƙasar Amurka, inda samari masu tseren motoci suka yayata shi bayan yaƙin duniya na biyu, wani gwanin buroshi mai suna Kenneth Howard, wanda aka fi sani da Von Dutch, ya shahara a wannan fage a shekarun 1950, daga bisani majigi da mujallu suka watsa shi cikin duniya. Ƙa'idar aikin kuwa ita ce, a goge ƙarfe ya yi sumul, a zana harsunan tun daga hancin mota suna kwantawa baya kamar iska na kora su, a rufe sauran jikin da takarda, sa'an nan a fesa fari ko rawaya a tushe, ruwan goro a tsakiya, ja a ƙarshe, kafin a bi gefen kowane harshe da siririn buroshi, wanda a nan ne ake gane gwani da ɗan koyo.

Dalili biyu suka sa irin wannan zane bai zama bare a wurinmu ba. Na farko, tsininsa ya yi kama da aska takwas da maɗinka ke yi a ƙirjin babbar riga. Na biyu kuma na fiƙihu ne, domin malaman mazhabar Malikiyya sun haramta surar abu mai rai idan tana da inuwa, sun karhanta wadda aka shimfiɗa a bango, alhali kuwa ba su ga laifi ba ga surar abin da ba shi da rai, kamar itace ko fure ko wuta.

A yau bodin ƙarfe yana maye gurbin na katako, leda mai manne da kwamfuta ke yankawa tana rage wa masu buroshi ciniki, domin ta fi araha da sauri. Sai dai ledar iri ɗaya ce ga kowa, ita kuwa sana'ar hannu tana bambanta motar wane da ta wane tun daga nesa, kuma muddin masu motoci suna son a shaida dukiyarsu a tasha, mai zane ba zai rasa abin yi ba.